Yadda za ka yi gardamar kurket da hujja in an ajiye ɗan wasanka ko an canza kyaftin

A fadarmu ta Bukoki mu huɗu ne kacal ke kallon kurket, sauran duk 'yan Real da Barsa ne, in kuma lokacin kokowa ya zo kowa ya koma maganar takobi. Ni a Indiya na koyo shi lokacin da na je karatu, shekara uku ina zaune da yaran da ko abinci suke ci idonsu na kan maki, na dawo Yamai da shi na sa wa ƙanena da abokai biyu. Abin da ke damuna shi ne yanzu da suka fara gane wasan sai suka ɗauko halin 'yan ƙwallon ƙafa suka kawo ciki, da an ajiye wanda suke so sai ihu, an ci amanarsa, son kai ne, siyasa ce. Wani lokacin gaskiya ne akwai siyasar, amma sau da yawa akwai dalili a fili wanda minti biyar ya isa mutum ya gano shi. Toh ga yadda ni nake bi kafin in buɗe baki.

Fara da tambayar wane irin wasa ake magana. Kurket kala uku ne kuma kusan sana'a uku ce daban. Akwai Tes mai kwana biyar, akwai na yini ɗaya mai oba 50 kowane ɓangare, sai T20 mai oba 20 da ake gamawa cikin awa uku da wani abu. Oba ɗaya jifa shida ce. Mai bugun da zai iya tsayawa tun safe har la'asar bai bari an fitar da shi ba zinariya ne a Tes, amma a T20 in ya cinye jifa 40 ya kawo maki 40 ya cuci ƙungiyarsa, don jifa 120 ne kawai gaba ɗaya. Saboda haka in wani ya ce maka wane ya fi wane, ka ce masa a wanne? In bai iya amsawa ba a bar maganar a sha shayi.

Sai abu na biyu wanda shi ne na fi so ka riƙe, duk wanda ya ce a saka wane dole ya faɗi wa za a cire. Gurbi goma sha ɗaya ne babu ƙari. Kuma ba goma sha ɗaya mafi suna ake tarawa ba, dole a samu masu buɗe bugu biyu da za su fuskanci sabuwar ƙwallo tana da santsi tana karkata, da na tsakiya, da mai tsaron bayan wiket guda (sandunan nan uku da ke bayan mai bugu), sannan masu jifa. A wasan yini ɗaya mutum ɗaya ba ya jifa fiye da oba 10, a T20 kuma oba 4, kaga kenan ko ka ƙi ko ka so sai ka samu aƙalla mutum biyar masu jifa. Shi ya sa ɗan wasa mai hannu biyu, wanda ke bugu kuma yana jifa, yake shiga gaban wanda ya fi shi iya bugu nesa ba kusa ba, mutane su yi ta mamaki. Kamar jiha ce za ta kai 'yan kokowa goma gasar takobi, mai zaɓe ba zai kwashi manya masu nauyi zalla ba, yana duba wa zai iya da wa.

A 2019 haka ta faru a Indiya, aka bar Ambati Rayudu a gida aka tafi gasar duniya da Vijay Shankar saboda shi yana bugu yana jifa yana kuma tsaron fili, Rayudu ya ji haushi sosai har ya fito ya yi gugar zana a intanet. Ni a ganina an yi masa ba daidai ba don an daɗe ana shirya shi ya zama na huɗu a layin masu bugu sannan aka janye masa tabarma daf da tafiya, amma ko ni da nake faɗin haka na san lissafin da masu zaɓen suka yi, ban yarda da shi ba ne kawai.

Yanzu maganar fili, kuma nan zan ɗan daɗe don nan ne ƙanena ya sha kaye a hannuna. Watan Oktoba 2024 Ingila ta je Pakistan, wasan farko a Multan Pakistan ta yi maki 556 amma duk da haka aka lallasa ta, Ingila ta tara 823, Harry Brook shi kaɗai 317. Kwana kaɗan sai labari ya fito Pakistan ta ajiye manyan 'yan wasanta Babar Azam da Shaheen Afridi da Naseem Shah gaba ɗaya. Da daddare ƙanena ya shigo fada ko sallama bai gama ba ya miƙo min waya, hannunsa har rawa yake, ya ce Yaya ka ga abin da mutanen nan suka yi, wallahi sun kashe ƙungiyar. Na ce zauna tukuna, ɗauki kofi. Na tambaye shi yaushe rabon Babar da ya kai maki 50 a Tes, ya yi shiru, muka duba tare, ya shiga bugu sau 18 a jere bai kai ba. Na ce toh wane fili za a buga na biyun? Ashe filin da aka gama kwana biyar a kai shi za a sake amfani da shi, ya bushe ya tsattsage, irin wanda in ƙwallo ta faɗi sai ta juya kamar an murɗa ta. Irin wannan fili ba na masu jifan ƙarfi ba ne, na masu murza ƙwallo da yatsa ne. Aka kawo Noman Ali mai shekara 38 da Sajid Khan, su biyun nan suka fitar da 'yan Ingila ashirin ɗin duka, wato goma-goma a zagaye biyu na bugunsu, Noman 11 Sajid 9. Kamran Ghulam da aka sa a gurbin Babar ya yi 118 a wasansa na farko. Na uku a Rawalpindi har manyan fankoki aka jera ana busar da fili, Pakistan ta ci jerin wasannin 2 da 1.

Don haka kafin ka yi hukunci nemi hoton tsakiyar fili, minti kaɗan kafin a fara ana nuna shi kuma masu sharhi na bayani. In ka ga ciyawa kore da hadari a sama kamar yadda ake yawan samu a Ingila, masu jifan ƙarfi za a ƙara. In ka ga ƙasa fara busasshiya kamar bakin gulbi a watan Afrilu, masu murzawa ne za su ci kasuwa.

Amma kar ka ɗauka masu zaɓe kullum suna da gaskiya. A watan Yuni 2023 wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya a filin Oval na Landan, Indiya ta ga ciyawa da gajimare ta ajiye Ravichandran Ashwin wanda a lokacin shi ne lamba ɗaya a duniya cikin masu jifa a Tes, ta sa masu ƙarfi huɗu da mai murzawa ɗaya, Jadeja. Ostareliya ta ci da tazarar maki 209. Ni har gobe ina cewa kuskure ne, wasan kwana biyar ba a yanke shi da yanayin safiyar farko, rana za ta fito fili zai bushe, kuma Ostareliya na da masu bugu da hagu da yawa waɗanda Ashwin ya saba wahalarwa. Kuma in ka tambaye ni wa zan cire zan ce Umesh Yadav, ɗaya daga masu ƙarfin huɗun nan, ban ɓoye ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya jira sai an sha kashi sannan ya zo yana cewa ai ni dama na sani. Ka auna shawara da abin da aka sani lokacin da aka yanke ta.

Sai kyaftin. Wanda ya taso da ƙwallon ƙafa yana ganin kyaftin ƙyalle ne a hannu da musabaha da alƙalin wasa, koci ke komai. A kurket ba haka ba ne sam, in an shiga fili kyaftin ne ke cewa wa zai yi jifa yanzu, ina kowane mutum zai tsaya, in an jefa kwabo ya ci shi zai zaɓi bugu ko jifa, a Tes shi ke cewa makinmu ya isa mu tsaya haka, kuma in ana son ƙalubalantar hukuncin alƙali daƙiƙa 15 gare shi ya yanke. Aiki ne mai cin kai, shi ya sa wanda ya fi kowa iya wasa ba lallai shi ya fi dacewa ba. Joe Root ya sauka a Afrilu 2022 bayan Ingila ta ci wasa ɗaya tak cikin Tes 17, aka ba Ben Stokes tare da koci Brendon McCullum salon wasansu ya canza gaba ɗaya, shi kuma Root da aka sauke masa kayan ya ci gaba da zuba maki har ya wuce Alastair Cook ya zama wanda ya fi kowa maki a tarihin Tes na Ingila, a wancan wasan na Multan ma ya yi hakan. Wa aka cuta a nan? Babu.

In an canza kyaftin tambayoyin da nake yi su ne, shi ya sauka ko sauke shi aka yi, a wane kalar wasa, kuma wanda aka ba yana da tabbacin gurbinsa a cikin sha ɗayan? Dubi na Virat Kohli na Indiya, shi da kansa ya ce zai bar na T20 bayan gasar duniya ta 2021, a Disamba hukumar ta karɓe na yini ɗaya ta ba Rohit Sharma da hujjar ba a son kyaftin biyu a gajerun wasanni, a Janairu 2022 kuma ya ajiye na Tes bayan an sha kashi a Afirka ta Kudu. Mutumin da ya ci Tes 40 cikin 68 da ya jagoranta. Hujjar hukumar tana da ma'ana, yadda aka yi abin ne babu ladabi, kuma ana iya riƙe duka biyun a baki ɗaya. Pakistan kuwa nata ya wuce misali, Babar ya sauka a Nuwamba 2023, aka ba Shaheen na T20, jeri ɗaya kawai ya yi a New Zealand aka ci su 4 da 1 sai aka karɓe aka mayar wa Babar a Maris 2024, Amurka ta doke su a gasar duniya a watan Yuni, Oktoba ya sake sauka aka ba Mohammad Rizwan. In ka ga an canza shugaba sau uku cikin shekara guda toh ka daina zagin 'yan wasa, ciwon yana ofis.

Kuma dan Allah a rage saurin yanke wa mutum hukunci. Hardik Pandya da aka ba kyaftin ɗin Mumbai Indians, kulob a gasar IPL ta Indiya, a madadin Rohit, magoya bayan ƙungiyarsa da kansu suka dinga yi masa ihu a filinsu a 2024, abin ya ba ni tausayi ƙwarai, bayan wata biyu shi aka miƙa wa jifan obar ƙarshe a Barbados Indiya ta ci Afirka ta Kudu da maki 7 ta ɗauki kofin duniya na T20. Temba Bavuma kyaftin ɗin Afirka ta Kudu shekaru ana cewa ba cancanta ta sa shi a wurin ba, a Yuni 2025 ya tsaya a filin Lord's da ciwon cinya yana ɗingishi ya yi 66, Aiden Markram ya yi 136, suka doke Ostareliya suka ɗauki kofin Tes na duniya.

Ga abin da muke yi yanzu a fada, ku ma ku gwada. Ana sanar da sha ɗayan ne lokacin jefa kwabo, rabin awa kafin a fara. Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi, wasan IPL na dare yana kamawa ƙarfe uku na rana a Yamai, Tes ɗinsu kuma biyar na asuba, na Ingila a lokacin zafinsu agogonmu ɗaya da su, sha ɗaya na safe. Ba sai ka ƙona forfe wajen kallon bidiyo ba, shafin maki na rubutu kamar ESPNcricinfo ko Cricbuzz ya isa ko da kuran ya ɗauke. Muna da wani ƙaramin kaye da ke zama cikin kwalin shayi tare da sukari, kafin a jefa kwabo kowa ya rubuta sha ɗayansa da sunan wanda ya cire da dalili a layi ɗaya, ya sa kwanan wata. In an gama wasa mai dafa shayi ya buɗe ya karanta da ƙarfi. Ƙanena ya fi kowa cika shafi yanzu, kuma har yau a kowane jeri na Pakistan sunan Babar yake fara rubutawa, sai dai yanzu yana rubuta wanda ya cire dominsa a gefe.