In an yi wa yarinya fyaɗe kuma ana tsoron ciki, ga abin yi

Yan uwana mata, na san mu a nan Garwa da Marwa in irin wannan ta faru abu na farko da ake cewa shi ne a rufa asiri, a kulle yarinya a ɗaki har magana ta lafa. To wallahi kwana ukun farkon nan da ake ɓatawa ana kuka ana neman mai laifi a cikin gida, su ne suka fi komai tsada.

Ki ɗauke ta ku tafi asibiti ranar, in da hali kar ta yi wanka, kayan da ke jikinta ma kar a wanke, a sa a takarda a tafi da su. A can akwai maganin kariya daga sida, wato ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma kwana 28 ake sha ba fashi. Akwai kuma ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa irin su Norlevo, ana samu a farmasi, ita ma gara a sha da wuri dan ƙarfinta raguwa yake kullum. Ba zubar da ciki take ba fa, hana shi shiga take.

Kafin ku fito ki ce likita ya rubuto muku satifika na shaidar abin da ya gani. Kar ki ji kunya inna, takardar nan ita ce komai. Da ita za ku je jandarmeri ko komisariya ku shigar da ƙara.

Dalili kuwa, in har ciki ya shiga, ƙarar nan ce za ta buɗe hanyar zubar da shi bisa doka: dokar Kamaru ta 2016 sashe na 337 ta ce macen da ta zubar da ciki za a iya ɗaure ta daga kwana 15 zuwa shekara 1, ko tarar sefa 5,000 zuwa 200,000, wanda ya zubar mata kuma shekara 1 zuwa 5, in ma'aikacin lafiya ne a ninka masa. Amma sashe na 339 ya bar ƙofa biyu: in cikin zai jefa lafiyar uwa cikin babban haɗari, ko in na fyaɗe ne. A na fyaɗen sai prokira, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, ya ba da takardar tabbatarwa tukuna sannan likita ya taɓa ta, kuma aikin ofis kin san shi, shi ya sa in aka yi wata biyu ana rufin asiri sai a zo ana rige-rige da lokaci.

Jiƙe-jiƙen saiwa da ƙwayoyin masu talla a kasuwa kam dan Allah a bar su. In ma an riga an sha, kika ga jini na jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya, ko zazzaɓi, ko wari, ko ciwon mara mai tsanani, ki tari mashin ko tsakar dare ne ku nufi sashen haihuwa, ki gaya wa ungozoma ainihin abin da aka sha da lokacin da aka sha shi.