Yadda za ka hau jirgin Volk a bakin tekun Brighton

Masu karatu a Ingila da masu zuwa hutu, in kun samu rana ɗaya ku leƙa Brighton, akwai wani ɗan jirgin ƙasa na lantarki da ke bin bakin teku tun watan Agusta na 1883, yau duk duniya babu jirgin lantarkin da ya girme shi cikin masu aiki. Magnus Volk ne ya ƙera shi, ɗan wani Bajamushe mai gyaran agogo. Ka lissafa fa, sai 1911 dogo ya iso Kano.

Da farko ka duba lokaci, don ba ya aiki da hunturu, daga wajen Ista ne zuwa ƙarshen bazararsu. Daga tashar Victoria a Landan ka hau jirgin Brighton, kamar awa ɗaya ne, layin ma tun 1841 yake. Kana sauka ka miƙe Queen's Road gangare har ka ga ruwa, ka yi hagu, ka wuce gadar wasannin nan da ta shiga cikin teku, tashar Aquarium na nan gaba kaɗan. Ka yanki tikitin zuwa da dawowa.

Kar ka sa ran doguwar tafiya, mil ɗaya ne kacal zuwa Black Rock, a hankali yake tafiya yana ƙwaram-ƙwaram. Ka zauna ɓangaren teku kuma ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar wurin ba ta da mutunci, tsuntsayen ma haka, dankalin hannunka za su fizge.

Amma ni abin da ya fi burge ni yana gaba da Black Rock. Ka duba jadawalin janyewar ruwa kafin ka fito, in ya janye ka taka ka wuce Brighton Marina, wato matsayar ƙananan jiragen ruwa, ta wajen ƙauyen Rottingdean, za ka ga tubalan kankare jere cikin duwatsu. Ragowar wani layin Volk ne na 1896, tarago a kan ƙafafu masu tsawon kusan mita 7 yana ratsa ruwa, har da kyaftin da kwalekwalen ceto a ciki kamar jirgin ruwa. Ko mako bai yi ba guguwa ta kayar da shi, aka gyara, a 1901 aka rufe. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, wurin akwai santsi.