Yadda Ake Fitar Da DNA Daga Ayaba A Kicin Ɗinka

DNA ɗin nan da ake ta faɗa a makaranta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, ana zana mana shi a allo kamar tsanin da aka murɗe, za ka iya ganinsa da idonka ba sai da madubin likita ba. Ka nemo rabin ayaba nunanniya, gishiri, sabulun wanke-wanke na ruwa, leda mai kauri, matacin shayi, kofin gilashi, tsinken tsire, da sifirit irin na goge ciwo da ake sayarwa a kemis.

Kafin komai jefa sifirit ɗin a firiza kamar awa 1, ba zai daskare ba, sanyin kawai ake so. Idan ba wuta ka nutsa kwalbar cikin ƙanƙara.

Sai ka ɓare ayabar ka sa a leda ka murtsuke ta da hannu har ta koma kamar kunu. A wani kofi ka haɗa ruwan ɗumi rabin kofi da gishiri rabin ƙaramin cokali da sabulu babban cokali 1, ka juya a hankali, don Allah kar ka kaɗa da ƙarfi, kumfa ce za ta taso ta ɓata maka aiki. Zuba cikin ledar ka cakuɗa ka bar shi minti 10. Abin da ke faruwa a nan shi ne, kowace ƙwayar halitta tana da fatar da aka yi da maiƙo, to kamar yadda sabulu ke wanke maiƙon kwano haka yake narkar da wannan fatar DNA ya fito, shi kuma gishiri yana taimaka wa zarurrukan DNA ɗin su dunƙule waje ɗaya.

Yanzu tace da matacin shayi cikin kofin gilashi, ruwan kawai muke so.

Nan ne mutane ke kuskure. Karkata kofin ka tsiyaya sifirit mai sanyin ta gefe, sannu sannu, kimanin yawan ruwan ayabar, ya kwanta a sama kar su gauraya. Ajiye, kar ka taɓa. Cikin minti 2 zuwa 5 za ka ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa a tsakaninsu, ka gafarce ni, kamar majina. Shi ke nan, DNA ba ya narkewa a sifirit shi ya sa ya fito fili. Sa tsinke ka naɗo shi. Ba zallarsa ba ne fa, akwai furotin da wasu tarkacen a ciki.

Kuma in ka ga abin da ƙyanƙyami, ai naka mai tsabta ne, don wanda ya fara ware shi, Friedrich Miescher ɗan Suwizalan, daga mugunyar bandejin marasa lafiya ya ciro shi a garin Tübingen na Jamus a 1869. Siffar murɗaɗɗen tsanin kuwa sai 1953 masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana ta a Kambirij ta Ingila, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan.

Sifirit yana kamawa da wuta, kar a yi kusa da risho, kuma a sa ido kar yara su kai baki. In ba ayaba, albasa ko tumatir ma suna yi.