Yadda ake sa mai gadin adireshi ya yi aiki iri ɗaya kullum a GDB da LLDB

A ofishinmu da ke Jidda muna da wata manhaja da aka rubuta da harshen C wadda ke lissafin kujerun motocin da ke ɗaukar maniyyata zuwa Makka, kuma gab da aikin Hajjin bara adadin kujerun da suka rage ya riƙa komawa ƙasa da sifiri ba tare da mun san layin da ke ɓata shi ba. Maganin irin wannan shi ne a yi amfani da GDB ko LLDB, wato manhajojin binciken kurakurai a cikin wata manhaja, a kafa mai gadi (watchpoint) a kan adireshin da adadin yake cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, a haɗa masa ɗan rubutun Python wanda zai yanke hukunci duk lokacin da aka taɓa wurin: a tsaya ko a wuce. Wahalar ita ce rubutu ɗaya yakan tsayar da manhaja a wata na'ura, ya bar ta ta wuce a wata.

Abu na farko, kuma shi ya fi cin mutane, shi ne amsar da rubutun ke mayarwa. A GDB ana gina ajin Python (class) daga gdb.Breakpoint, a ba shi nau'in gdb.BP_WATCHPOINT, a rubuta masa aiki (function) mai suna stop. Idan ya mayar da True manhaja ta tsaya, idan False ta ci gaba. To, aikin Python da aka manta ba a sa masa return ba yana mayar da None, kuma GDB na ɗaukar wannan a matsayin umarnin wucewa, alhali a LLDB ƙa'idar wuraren tsayawa (breakpoints) ita ce False kaɗai ke hana tsayawa. Saboda haka kada a bar ko reshe ɗaya na rubutun ya ƙare shiru. Kowace hanya ta ƙare da True ko False a fili. Ni kaina na yi yini guda ina zargin na'ura, ashe reshen else ne na bari babu amsa.

Na biyu, rubutun ya zama alƙali, kada ya zama direba. Takardun GDB sun hana a matsar da manhaja gaba ko a goge wurin tsayawa daga cikin stop, domin a lokacin GDB bai gama yanke shawarar tsayawa ba. Wanda ke son goge mai gadin bayan ya kama layin da ke ɓarna sai ya jinkirta aikin da gdb.post_event. Haka kuma ba a haɗa sharaɗin condition da aikin stop a kan mai gadi ɗaya. GDB zai ƙi, don haka a tattara dukkan sharuɗɗa cikin rubutun.

Sai batun ƙarfen kansa, wato hardware. Furosesa na x86 yana da rajista, wato ƙananan ma'ajiyoyi na cikinsa, huɗu kacal na wannan aiki, DR0 zuwa DR3, kowace tana gadin bayit 1, 2, 4 ko 8. Idan abin da ake gadi ya fi ƙarfinsu, GDB yakan koma gadi ta hanyar manhaja, wato ya taka umarni ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, abin da ke da matuƙar jinkiri, kuma a manhaja mai zaruruwa da yawa (threads, wato sassan da ke gudana a lokaci guda) ba ya kama rubutun da wani zare ya yi a daidai lokacinsa. A duba saƙon da ya fito bayan an kafa gadin: idan babu kalmar Hardware a farkonsa, a rage faɗin abin da ake gadi. Ni na fi son watch -l a kowane hali, domin yana ɗaure gadin ga adireshin kansa, ba ya gogewa idan aikin da ya mallaki ma'ajin ƙimar (variable) ya ƙare.

Akwai kuma bambanci tsakanin rubutawa da canzawa. Umarnin watch na GDB ba ya tsayawa idan an rubuta 40 a kan 40, sai ƙimar ta sauya. Wanda ke son ganin kowace taɓawa sai ya yi amfani da awatch. A LLDB a fayyace nau'in da -w, kada a dogara da zaɓin da ya zo da shi, domin ya bambanta tsakanin tsofaffin fitowa da sababbi.

Idan rubutun zai kwatanta tsohuwar ƙima da sabuwa, a mayar da ita lamba nan take da int, domin gdb.Value yana iya jinkirta karanta ƙwaƙwalwa har sai an buƙata, a tarar tsohuwar ƙimar da aka ajiye ta zama sabuwa. Da muka gyara wannan, muka sa gadin ya tsaya kawai idan adadin ya sauka ƙasa da sifiri, a gwaji na biyu ya tsaya a cikin aikin soke tikiti, inda ake cire kujera maimakon a mayar da ita.