Wanki, sitaci da dutsen gawayi: inda ake kuskurewa da yadda ake gyarawa

Dutsen guga na gawayi ba shi da maɓallin rage zafi, keken ɗinki na ƙafa kuma ba ya gargaɗi kafin ya cukuikuye zare. Duk awon yana hannun mai aiki. Shi ya sa kayan da suka yi wa iyaye da kakanni hidima shekara da shekaru sukan ɓata tufa a hannun wanda bai saba ba.

A wanki, ɓarnar farko ita ce zuba ruwan zafi a kan tabon jini. Zafi yana dafa jinin cikin zaren yadi, daga nan ya zauna ke nan. A jiƙa shi a ruwan sanyi kamar minti 30, a goga sabulu, sannan a cuɗa. Maiƙo ne ke son ruwan ɗumi. Ta biyu ita ce ƙyuyar ɗauraya: sabulun da ya rage a farar tufa yakan koma ruwan ɗorawa da zarar dutse ya hau kansa, don haka a yi ta sauya ruwa har kumfa ta ƙare. Kayan ulu kuwa ba a murɗe su, ba a rataye su a igiya. A naɗe su cikin tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa a inuwa.

Bula ba ta wanke komai. Ɗan shuɗinta ne ke danne ɗorawar da farin yadi ke yi, ido ya ga kamar ya ƙara haske. Masu barbaɗa ta kai tsaye a kan kaya su ne ke ganin ɗigo-ɗigo. A narkar da ita a kofi, a juye a baho har ruwan ya yi shuɗi-shuɗi kaɗan, a motsa kafin kowane tsomi domin tana kwanciya a ƙasa, a tsoma tufa ɗaya ɗaya a cire nan take.

Sitaci ya fi su rigima. Duk wanda ya zuba garinsa cikin tafasasshen ruwa zai sami gudaji, kuma gudajin nan ne ke mannewa a gindin dutse. Ana dama cokali biyu na gari da rabin kofin ruwan sanyi har ya yi sumul, sannan a kwarara masa lita ɗaya ta ruwa mai tafasa ana juyawa. Alamar ya nuna ita ce farinsa ya washe ya yi yauƙi. In bai washe ba, ruwan bai yi zafi ba, sai a ɗora a wuta ya ɗan tafasa. Daga nan a sirka da ruwan sanyi gwargwadon taurin da ake so, a tace da ƙyalle. Tufa mai duhu a juya cikinta waje kafin a tsoma, in ba haka ba za ta fito da fari-fari. Bayan ta bushe a yayyafa mata ruwa, a nannaɗe a ajiye kamar awa ɗaya danshin ya ratsa ko'ina. Busasshen sitaci ba ya kwanciya komai ƙarfin dannawa.

Sai dutsen kansa. Kada a zuba baƙin gawayi a ciki a ce zai kama a hankali, hayaƙinsa zai shiga tufa. A hura shi a waje har ya zama jan garwashi, a zuba kamar rabin cikin dutsen, a rufe a tabbatar maƙullin ya kama. Cika shi fal yana toshe iska. Toka da tartsatsi ta ramukan gefe suke fitowa, saboda haka fifita da kaɗe toka a yi su nesa da kayan guga, a goge gindin da tsumma kafin a dawo.

Ga inda wanda ya saba da dutsen lantarki ke tuntuɓe. Shi yakan fara da kaya marasa jure zafi yana ƙara wuta. Na gawayi kuwa da zafinsa yake farawa yana hucewa, don haka auduga da lilin ne a gaba, siliki da masu roba-roba a ƙarshe. Ɗigon da ke jikin lakabin tufa yana taimakawa: ɗaya na nufin zafi kaɗan, biyu matsakaici, uku mai ƙarfi. Tunda babu ma'auni, a gwada a kan farin tsumma tukuna. In ya sauya launi, a jira. Wurin da aka yi wa aikin zare a kife shi a kan tawul a goge ta baya, kada adon ya lafe. Kuma ba a guga da gawayi a ɗaki rufe, domin garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari.

A keken ƙafa, idan zare ya taru a ƙasan yadi, mutane sukan hau kunce zaren ƙasa, alhali galibi laifin na sama ne: an saƙala shi ƙafar danna yadi tana sauke, bai shiga matsewarsa ba. A ɗaga ƙafar, a zare shi gaba ɗaya, a sake saƙalawa. Tsallaken ɗinki kuwa a fara duba allura, ko ta dakushe ko an sa ta a karkace. Allura mai lamba 14 ta ishi yadi matsakaici, 16 ga mai kauri. Man girki kada ya kusanci keke, yana yin danƙo ya riƙe ƙarafan.

Faci da haɗa ƙyallaye a yi bargo matsalarsu ɗaya: sabon yadi yana tsukewa a wankin farko, tsohon kuma ya riga ya gama nasa. In aka haɗa su haka, sabon zai ja tsohon ya yage a bakin ɗinki. A wanke kowane ƙyalle a goge shi kafin almakashi ya taɓa shi, a kuma daidaita inda zaren saƙar facin ya dosa da na tufar.