Yadda ake magance taurin bayan gida mai daɗewa ga yara

Yawancin iyayen da na gani suna fama da wannan matsala, da sun ga ɗan ruwan kashi a wandon yaro sai su ɗauka zawo ne, su garzaya kemis su sayo Flagyl. Alhali kuwa tsohon kashi ne ya daskare a ƙarshen hanji, mai ruwa-ruwan yake zurarowa ta gefensa ba tare da yaron ya sani ba, don haka duka da gori ba za su gyara komai ba. Haka kuma yaron da yake laɓewa bayan ƙofa ya matse ƙafafu yana nishi, riƙewa yake yi, domin ya taɓa shan zafi wajen yi.

Da farko a kai shi asibiti a fitar da abin da ya taru. Likitoci sun fi son macrogol, maganin da ke sa kashi ya yi laushi, wanda ake sayarwa da sunan Movicol, a sha kwana 3 zuwa 6 gwargwadon yadda likita ya auna. Yana da tsada kuma ba kowane kemis ke da shi ba. Lactulose, wani maganin sa kashi laushi, ya fi sauƙin samu. Kada a cusa wa yaro sabulu, kada a ɗura masa jiƙo.

Inda ake faɗuwa shi ne bayan ciki ya saki. Uwa ta ga kashi ya yi laushi kwana 4, sai ta ajiye kwalbar tana tsoron kada ciki ya saba da magani, kafin mako 2 an koma gidan jiya. Hanjin da ya daɗe a buɗe yana buƙatar lokaci kafin ya koma daidai, shi ma yaron yana buƙatar ya manta da zafin. A ci gaba da ba shi maganin kullum aƙalla wata 2, sau da yawa ma fiye, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali da shawarar likita.

A zaunar da shi a kan fo minti 5 bayan cin abinci, ƙafafunsa a ƙasa, ko ya yi ko bai yi ba, a yaba masa. A yawaita masa ruwa, gwanda, wake da miyar ganye, a rage biskit da madara. Idan yana amai kore, ko ciki ya kumbura, ko yana ramewa, ko kuma tun haihuwa bai yi kashin fari cikin awa 48 ba, a koma wurin likita nan take.