Yadda Ake Ceto Kwamfutar Tebur Idan Abin Sha Mai Sukari Ya Zube a Cikinta

A shagunan buga takardu da ofisoshin Sakkwato, da wuya a ga teburin kwamfuta babu gorar zoɓo ko lemon kwalba ko kofin shayi a gefe, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Idan abin shan ya kife ya shiga cikin akwatin kwamfutar, abin da yawancin mutane ke yi shi ne su goge waje da tsumma, su bar ta ta sha iska, sannan su kunna su ga ko tana aiki. Wannan dabara ita ce ke kashe na'urori da dama waɗanda da an bi su a hankali da sun tashi, domin ruwan yana bushewa ne shi kaɗai, sukarin kuwa yana nan maƙale a jikin allon lantarki, wato babban allon da ke cikin akwatin wanda sauran sassan kwamfutar ke haɗe da shi.

Lemon kwalba irin su Coca-Cola yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a cikin kowane mililita 100, ga kuma sinadarin tsami da ke cin ƙarfe a hankali. Zoɓo ma yana da nasa tsamin, shayi da kunun aya da fura da nono kuwa suna barin maiƙo da ɓarɓashi. Sukarin da ya bushe yana jawo laima daga iska, yana kama ƙura, yana kuma kiran kiyashi, saboda haka kwamfutar tana iya yin aiki yau da gobe, sai bayan makonni, sau da yawa da shigowar damina, ta mutu ba tare da wani dalili na fili ba. Aikin da ke gaban mai ita wanki ne, shanya tana zuwa daga baya.

Matakin farko shi ne raba kwamfutar da wuta nan take, kuma a nan ba a jiran a ajiye aikin da ake yi ko a kashe ta ta hanyar da aka saba. A kashe soket ɗin bango da busasshen hannu, a zare filogi, sannan a zare wayar wuta daga bayan akwatin. Idan kwamfutar tana haɗe da UPS, wato na'urar da ke riƙe mata wuta idan an ɗauke, ko inbata, a tuna cewa kashe soket ko ɗaukewar wutar NEPA ba ya nufin wuta ta daina shiga, don haka dole a zare wayar daga jikin akwatin kansa. Dalilin wannan tsanani shi ne, kwamfutar tebur ko tana kashe, muddin wayarta na jone, akwai bolt 5 da ke zagayawa a allonta, kuma wannan ɗan ƙaramin ƙarfi ya isa ya sa ƙarfe ya fara ciwuwa a duk inda jiƙa ta taɓa. Bayan an zare, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15 domin ragowar wutar da ke ciki ta fita. A cire wayoyin allon kallo da kibod da maus da firinta, a goge abin da ke saman akwatin, kuma kada a jijjiga shi ko a juya shi, domin hakan yana kai ruwan wuraren da bai isa ba.

Kafin a buɗe, a tanadi kayan aiki: sukudireba mai kan gicciye, sabon burushin haƙori mai laushi, auduga mai tsinke, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ruwan da aka tace ta hanyar turarawa, da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama da haka, wanda ake nema wurin masu sayar da kayan gyaran waya ko kayan ɗakin gwaje-gwaje. Batun ruwan yana buƙatar kulawa. Ruwan rijiya da na burtsatse da na famfo, har da na leda, duk suna ɗauke da narkakkun gishirai waɗanda ke barin farin tabo idan sun bushe, irin wanda ake gani a gindin butar dafa ruwa. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin inbata shi ne ya dace, amma a tabbatar wa mai sayarwa cewa ruwa zalla ake so, domin a shago ɗaya ake sayar da ruwan asid na batir, wanda ɗigo kaɗan daga cikinsa zai lalata allon gaba ɗaya. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a ɗiga shi a kan gilashi mai tsabta a bar shi ya bushe. Idan ya bar tabo, bai dace ba. Fetur da kalanzir da tina, waɗanda wasu ke wanke inji da su, ba su da wuri a wannan aiki, domin suna cin roba kuma ba sa narkar da sukari.

A ɗora akwatin a kan tebur na katako a wuri mai haske, a cire murfin gefe, sannan a ɗauki hoton cikinsa da waya ta kowace kusurwa kafin a taɓa komai, domin ƙananan wayoyin da ke zuwa maɓallin kunnawa da fitilun gaba suna da wuyar mayarwa idan aka manta mazauninsu. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke bushewa har mutum ya ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, a riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a kama kowane sashe, kuma a riƙe alluna ta gefensu. Abu na farko da za a cire shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin kwamfuta. Muddin yana ciki, akwai sashen allon da ke da wuta.

Daga nan sai a bi sawun ruwan da fitila. Yawancin tsofaffin kwamfutocin HP da Dell da ake amfani da su a shaguna kwance suke, an ɗora allon kallo a kansu, kuma a irin waɗannan babban allon lantarkin yana shimfiɗe a ƙasan akwatin, don haka duk abin da ya shiga a kansa yake taruwa. Wadda ke tsaye a ƙarƙashin tebur kuwa, ruwan kan shiga ta ramukan iska na sama ko ta kafofin USB na gaba, ya gangara bisa katin hoto, wato ƙaramin allon da ke tura hoto zuwa allon kallo, idan akwai, ya sauka ƙasa. A duba da kyau a gindin ramukan RAM, wato siraran katunan da ke riƙe aikin da kwamfuta ke yi a lokacin da take kunne, da cikin babban filogin wutar allo, da gefen ƙananan sassan da ke kwance a jikin allon, inda lemon kan bar wani sheƙi mai ruwan ƙasa, zoɓo kuma ja mai duhu. Idan aka taɓa da auduga aka ji tana kamawa, sukari ne. Idan aka ga fari ko koren gari a ƙafafun ƙarfe, to ciwuwa ta riga ta fara.

Bayan batirin, a cire ma'ajiyar bayanai a ajiye ta gefe, domin takardun mutane da ke cikinta sun fi sauran kayan daraja. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai ba a tsoma ta cikin ruwa ko kusa, saboda tana da ƙaramar kafar numfashi a jikinta. Ana goge bayanta da bakin filoginta ne kawai da auduga mai ɗan laima. Ya fi kyau a kai ta wata kwamfutar a kwafe abin da ke ciki tun kafin a ci gaba da sauran aikin.

Akwatin rarraba wuta, wanda masu gyara ke kira fawa saflai, shi ne sashen da ba a buɗewa. A cikinsa akwai ma'ajiyoyin caji da ke iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi. Idan abin sha ya shiga ta fankarsa, a ganina sauya shi ya fi hikima, domin idan ya lalace yana iya tafiya da allon da aka sha wahalar wankewa. A lura cewa ƙananan kwamfutocin HP da Dell da yawa suna da nasu irin filogin na daban, saboda haka a tafi kasuwa da tsohon a hannu domin a samu mai lamba iri ɗaya.

Wankin babban allo shi ne zuciyar aikin, kuma jerin matakansa yana da dalili. Sukari yana narkewa da sauri a ruwa, amma ba ya narkewa sosai a isopropyl, don haka wanda ya fara da sinadarin zai yi ta shafa ɗanko ne daga wuri zuwa wuri. A cire RAM da katin hoto da dukkan wayoyi, a kwance allon daga akwati, a karkata shi yadda ruwan wanki zai gangara zuwa gefe mafi kusa. A jiƙa burushin da tataccen ruwa, mai ɗan ɗumi idan ya samu, a riƙa goge wurin a hankali ba tare da dannawa ba, domin wasu sassan ba su kai ƙwayar gero ba, kuma idan ɗaya ya ɓalle ba lallai ido ya lura ba. A ɗauraye, a sake gogewa, har sai auduga ta daina kamawa kuma ta daina canza launi. Ramukan RAM da na katin hoto ana zuba musu ruwan ne kaɗan-kaɗan a bi su da burushi ta tsawonsu. Bayan haka sai a bi duk inda ruwa ya taɓa da isopropyl a wadace, domin yana gauraya da ragowar ruwan da ke ƙarƙashin sassa ya fito da shi, sannan ya bushe da sauri. Sinadarin yana kama wuta, saboda haka a yi aikin a wuri mai iska, nesa da risho da janareta da mai shan taba.

Idan ruwan bai kai ga ƙwaƙwalwar kwamfutar ba, wato guntun da ke ƙarƙashin babbar fanka, a bar ta a mazauninta. Idan ya kai, a nan ne ya kamata a nemi ƙwararren mai gyara, domin a allunan Intel mazaunin yana da ɗaruruwan siraran allurai waɗanda burushi ke lanƙwasawa da shafa ɗaya, kuma da wuya su miƙe. Duk lokacin da aka ɗaga ƙarfen sanyaya da ke kanta, sai an goge tsohon man da ke tsakaninsu an sa sabo kafin a mayar. RAM da katin hoto ana goge haƙoransu masu ruwan zinariya da auduga da isopropyl. Fankoki kuwa a goge fikafikansu, a juya su da yatsa a ji ko suna tafiya ba tare da kamewa ba. Shi kansa akwatin, bayan an kwashe komai, ana iya wanke shi da ruwa da sabulu a shanya.

A wurin shanya ne zafin garinmu ke yaudarar mutane. Ba a baza allo a rana tsaka, domin zafin yana iya lanƙwasa shi ya kuma raunana roba, ga ƙura da za ta sauka a kansa. A jingine shi a tsaye a inuwa cikin ɗaki, a sa masa fanka, a riƙa juya shi, a lulluɓe shi da yanki na gidan sauro idan ana ƙura. A ba shi aƙalla awa 48, da damina kuwa awa 72 ko fiye, domin ruwan da ke ƙarƙashin manyan guntaye da cikin ramuka shi ne ke jimawa. Binne shi cikin shinkafa ba ya ƙara komai sai garin shinkafa a cikin kafofi.

Kibod ba ya buƙatar dogon bayani. A kife shi ya tsane, a ɓalle maɓallan da ke maƙalewa a wanke su da sabulu, a goge ƙarƙashinsu. Idan lemon ya shiga tsakanin siraran ledojin da ke ciki har wasu haruffa suka daina fitowa, sayen wani ya fi araha fiye da lokacin da za a ɓata. Allon kallo kuwa ana goge wajensa ne kawai. Idan ruwa ya shiga ciki, aikin mai gyara ne.

Ranar gwaji, kada a haɗa komai gaba ɗaya. A mayar da allon da ƙwaƙwalwarsa da fankarsa, da RAM guda ɗaya, da batirin agogo, da fawa saflai mai lafiya, da allon kallo, a bar murfin a buɗe, kuma a tsaya kusa da soket. Idan aka ji ƙauri ko aka ga hayaƙi ko tartsatsi, a kashe nan take. Idan fanka ta juya amma babu hoto, ko aka ji ƙara a jere, a zare wuta a sauya wa RAM ɗin rami, domin sau da yawa ragowar ɗanko ne a haƙoransa. Idan hoto ya fito, a shiga saitin BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, a gyara kwanan wata da lokaci, waɗanda cire batirin ya goge, domin idan kwanan wata bai yi daidai ba shafukan intanet da dama za su ƙi buɗewa. Daga nan a kashe, a zare wuta, a mayar da ma'ajiyar bayanai, a sake kunnawa, haka za a riƙa ƙara sauran sassan ɗaya bayan ɗaya domin a gane wanda ke da matsala. A gwada kafofin USB na gaba da wani tsohon filash da ba a damu da shi ba kafin a sa mai muhimman takardu.

Bayan mako biyu a sake buɗe murfin a haska wuraren da aka wanke. Idan farin gari ko kore ya sake fitowa, ko aka ga kiyashi suna bin wani lungu, akwai sauran sukari a ƙarƙashin wani sashe, kuma sai an sake wanke wurin ko a kai allon wurin mai gyara da ke da injin wanke alluna.